Ku Tambaya Mu Amsa: Yaya ake gane yaron da zai zama gwani a hokin ƙanƙara?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka taru a kan hokin ƙanƙara na haɗa wuri ɗaya, tunda yanzu 'yan uwanmu da ke Kanada da Amurka sun sa wasan ya fara shigowa wayoyinmu a nan Kano.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah yayana ne yake karatu a Edmonton, kullum sai ya turo min bidiyon wasan nan da ake yi da sanduna a kan ƙanƙara har na fara sonsa. Toh yanzu naji yana ta maganar wai diraf, wai kulob ɗin da ya fi kowa shan kashi shi ake ba yaron da ya fi kowa iyawa. Da gaske ne? Ba sayensa suke ba? Daga mai karatu a Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, yayanka gaskiya ya faɗa maka. A babbar gasar da ake kira NHL, kulob 32 ne na Amurka da Kanada, kuma ba a zuwa a yi cinikin yaro ɗan shekara 18 kamar yadda muka saba gani a ƙwallon ƙafa. Duk shekara wajen ƙarshen watan Yuni ake zama, kowane kulob ya ɗauki yaro ɗaya idan layi ya zo kansa, a zagaya har sau bakwai, kaga kenan yara 224 ake ɗauka. Waɗanda suka ƙare kaka a ƙasan tebur su ne a gaban layi, amma ba kai tsaye ba, ƙuri'a ake jefawa tsakanin kulob 16 da ba su kai zagayen neman kofi ba, don kar wani ya dinga faɗuwa da gangan saboda kwaɗayin yaro. Haka Edmonton ɗin yayanka suka samu Connor McDavid a 2015, kuma har yau shi ne ƙashin bayansu.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, tunda ba kuɗi ne ke sayo yaron ba, ido ne. Kulob ɗin da masu farautar 'yan wasansa suka fi gani shi ke cin riba, shi ya sa za ka samu mutum ya kwashe sanyin hunturu gaba ɗaya yana yawo daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan a Kanada ko Suwidin ko Finlan, yana zaune da littafinsa yana kallon yara. Ita kanta NHL tana da ofishinta na tantancewa tun 1975, tana fitar da jeri huɗu, 'yan wasan Arewacin Amurka daban, na sauran ƙasashe daban, sannan gololi ma a raba su haka. Amma kowane kulob yana da nasa jerin na sirri da ba ya nuna wa kowa.

TAMBAYA: Malam ni fa ban ga abin gardama ba. Duk yaron da ya fi cin ƙwallo ai shi ya fi, a duba lissafi kawai a ɗauka, meye na tura mutane suna ta yawo? Daga Ɗorayi.

AMSA: Ɗan'uwa wallahi da haka abin yake da sauƙi da babu kulob ɗin da zai taɓa yin kuka. Bari na ba ka misalin da duk masu bin wasan nan suka sani. A 1993 akwai yaro Alexandre Daigle, ya tara maki 137 (wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci) a gasar matasa ta Kubek a kaka ɗaya, kowa ya ce an samu sarki, Ottawa suka ɗauke shi na ɗaya ba tare da wani tunani ba. Da ya shigo cikin manya bai taɓa wuce maki 51 a kaka ba. Wanda aka ɗauka na biyu a bayansa, ɗan baya Chris Pronger, shi ya zo ya zama gwarzon gasar gaba ɗaya a 2000 ya kuma ɗaga kofi da Anaheim a 2007. Haka Nail Yakupov da Edmonton suka ɗauka na ɗaya a 2012, zuwa 2018 ya koma Rasha.

Maki yana gaya maka abin da yaro ya yi wa yara ne, su kuma masu zaɓe tambayarsu ita ce me zai yi wa ƙartai idan ya kai shekara 23 ko 24. Wanda ya je kasuwar Wudil sayen ɗan maraƙin kiwo ai ba kitsen ranar yake dubawa ba, ƙashi da tsayuwar ƙafa yake dubawa, don abin da zai zama nan gaba yake biya.

Toh me suke kallo? Na farko dai ƙafa, wato yadda yaro ke tafiya a kan takalmin nan mai ƙarfe a ƙasa, kuma ba gudun miƙe kawai ba, taku ukun farko idan ya zabura daga tsaye, yadda yake juyawa ba tare da gudunsa ya ragu ba, in ɗan baya ne yadda yake tafiya da baya-baya yana fuskantar wanda ya taho masa. Wasan nan ɗan wasa ba ya ma cika minti ɗaya a fili ake canza shi saboda tsabar gudu, in ƙafarka na da nauyi kafin ka isa wurin an gama. Amma ni a wurina, kuma a nan nake da ra'ayi mai ƙarfi, ƙwaƙwalwa ta fi ƙafa. Ƙafa koci na iya gyarawa, akwai ma masu koyar da wannan kaɗai, jiki ma ana gina shi a ɗakin motsa jiki, amma yaron da ba ya ganin fili, wanda sai faifan, wato ɗan faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo, ya zo sandarsa sannan zai fara tunanin inda zai kai shi, wannan da wuya ka sa masa abin da babu. Shi ya sa gogaggen mai farauta yake ɗauke ido daga kan faifan ya bi yaron lokacin da ba shi da komai a sanda, shin yana waiwayawa ya ga waye a bayansa kafin a ba shi, yana shiga lungun katanga inda ake matse mutum ko yana kewayewa, in an ƙwace masa yana dawowa da gudu ko sai ya tsaya yana ɗaga hannu, in ana cin su huɗu da nema yaya fuskarsa take a benci.

Sannan sai a tambaya a gaban su wa ya ci makin. Yaro ɗan 17 da ya samu maki 20 a babbar gasar Suwidin cikin magidanta, sau da yawa ya fi wanda ya tara 80 cikin sa'anninsa. Auston Matthews ma barin Amurka ya yi ya tafi Zurich ta Siwizalan ya buga da manya kafin Toronto su ɗauke shi na ɗaya a 2016, wasansa na farko a NHL ya zura huɗu. Ana kuma duba su waye abokan layinsa, don wani albarkacin gwanin da ke gefensa yake ci, ana duba nawa ya ci lokacin da aka kori ɗan wasan abokan hamayya suka fi su yawa, nawa kuma ya ci ana biyar da biyar. Har ranar haihuwa ana lissafawa, dokar ita ce sai ka cika 18 zuwa 15 ga Satumba na shekarar, shi Matthews ɗin 17 ga Satumba aka haife shi, kwana biyu kacal suka hana shi shiga na 2015. Kaga a aji ɗaya za ka samu wani ya girmi wani da kusan shekara guda, a wannan shekarun kuwa shekara ɗaya ba wasa ba ce.

Ban ce maki banza ba ne fa. Connor Bedard ya ci 71 ya tara maki 143 a wasa 57 da kulob ɗin matasa na Regina kafin Chicago su ɗauke shi a 2023, irin wannan ko makaho ya shafa ya san Juma'ar da za ta yi kyau. Amma a 2025 Matthew Schaefer wasa 17 kawai ya buga wa Erie saboda ciwo da karayar ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa, duk da haka New York Islanders suka ɗauke shi na ɗaya, don abin da ido ya gani a wasa 17 ɗin ya ishe su.

TAMBAYA: Yaya ni gajere ne kuma naji ance wasan na ƙarti ne, gajeru ba su da rabo ko? Daga Kurna.

AMSA: Ƙanena akwai son dogaye a wurin masu zaɓe, ba zan ɓoye maka ba, musamman 'yan baya, kuma wannan son ya sha jawo musu asara. Martin St. Louis babu kulob ɗin da ya ɗauke shi ko a zagaye na ƙarshe saboda ƙanƙanta, a 2004 ya zama gwarzon gasa ya ɗaga kofi da Tampa Bay. Lane Hutson sai na 62 Montreal suka ɗauke shi a 2022, a 2025 shi ya lashe kyautar sabon ɗan wasa. Ƙaramin goro ai ya fi babban dutse. Sai dai gajere dole ƙafarsa da kansa su fi na kowa sauri, ba a yi masa uzurin da ake yi wa dogo.

TAMBAYA: Naga wani bidiyo ana sa yaran tuƙa keke har suna amai, wannan kuma na meye? Daga Hotoro.

AMSA: Gwajin ƙarfi ne da ake yi a Buffalo 'yan makonni kafin zaɓen. Keken da ka gani akwai na 'yan daƙiƙoƙi da za ka taka iya ƙarfinka, akwai kuma na auna numfashi, sai tsalle da ɗaga jiki a kan ƙarfe, ko ƙanƙara ba a hawa. Ni ban ɗora masa nauyi sosai ba. Sam Bennett a 2014 ko sau ɗaya ya kasa ɗaga jikinsa a ƙarfen, aka yi ta yi masa dariya, Calgary suka ɗauke shi na huɗu, ga shi ya ci kofi biyu a jere da Florida, 2024 da 2025, a na biyun ma shi aka ba gwarzon zagayen kofi. Abin da kulob suka fi zuwa nema a makon shi ne rahoton likita da kuma zama da yaron ido da ido su ji hankalinsa.

TAMBAYA: Malam jikana ne a Toronto, shekararsa 15, gola yake yi. Uban ya ce wai ba a cika ɗaukar gololi da wuri ba, hankalina ya tashi, ko dai a canza masa wuri? Daga wata uwa a Gwammaja.

AMSA: Hajiya barka da ƙoƙari, Allah Ya raya shi Ya yi masa albarka. Ki kwantar da hankalinki, in yana son ragar a bar shi a ragarsa. Gaskiya ne kulob suna tsoron kashe zaɓen farko a kan gola, a tarihi gololi uku kawai aka taɓa ɗauka na ɗaya, dalili kuwa gola ba ya nuna da wuri, sai ya haura 23 ko 24 ake sanin waye shi, kuma lissafinsa yana rataye da 'yan bayan da ke gabansa. Amma Hajiya duba shekarar 2000, Islanders suka ɗauki Rick DiPietro na ɗaya, rauni ya hana shi sakat, a wannan zaɓen dai New York Rangers suka ɗauki Henrik Lundqvist na 205, shi ya tsare musu raga shekara 15 ya kuma ci zinaren Olamfik da Suwidin a 2006. Dominik Hasek ma na 199 ne a 1983. Ba gololi kaɗai ba, Pavel Datsyuk sau biyu ana tsallake shi, sai a 1998 Detroit suka ɗauke shi na 171 bayan mai farautarsu Håkan Andersson ya je Rasha kallon wani yaro daban idonsa ya faɗa kansa. Abin da zan roƙa a gaya wa uban, kar yaron ya saki karatu, hanyar jami'a a Amurka a buɗe take, Macklin Celebrini daga jami'ar Boston ya fito, kulob ɗin San Jose suka ɗauke shi na ɗaya a 2024.

TAMBAYA: Wai akwai ɗan Najeriya da aka taɓa ɗauka kuwa? Daga Sabon Gari.

AMSA: Akwai mana, kuma na farkon ma maƙwabcinmu ne. Rumun Ndur a Zariya aka haife shi a 1975, ya tashi a Ontario, Buffalo suka ɗauke shi na 69 a 1994, ɗan baya ne, shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya buga NHL. Akim Aliu haifaffen Okene ne, Chicago suka ɗauke shi na 56 a 2007. Kyle Okposo mahaifinsa ɗan Najeriya ne, na bakwai a 2006, yana cikin waɗanda suka ɗaga kofi da Florida a 2024. Babban cikinsu shi ne Jarome Iginla, shi ma uba ɗan Najeriya, Dallas suka ɗauke shi na 11 a 1995 suka ba Calgary shi tun bai buga musu ko wasa ɗaya ba, ya je ya zura 625 a rayuwarsa ta wasa. A 2024 kuma ɗansa Tij Iginla ya shiga zaɓen, Utah suka ɗauke shi na shida.