Sabuwar bindiga mai araha ko tsohuwa ta ƙwarai?

Tambaya: Malam, ni manomi ne a wajen Garwa, da rani nakan ɗan taɓa farautar zabi da fakara. Kuɗina ba yawa, in sayi sabuwa 'yar Turkiyya kalibar 12, ko tsohuwar Baikal da wani dattijo zai sayar min?

Amsa: Ɗan'uwa, in da ni ne Baikal ɗin zan fara dubawa, amma fa dubawa ta gaske. Baikal a Izhevsk ta Rasha ake ƙera ta, nauyi gare ta kuma ba ta da kyan gani, sai dai kayan cikinta kaɗan ne, a karya ta, wato a buɗe ta a mahaɗa, a sa kartush (harsashi) a rufe, shi ya sa ƙurar hunturun nan tamu ba ta cika damunta ba. Haka bindigogin Simplex da Robust na kamfanin Manufrance da ke Saint-Étienne ta Faransa, kamfanin ya rufe tun 1985 amma har yau suna hannun maharba.

Ka cire katakon gaba ka riƙe gindin ka girgiza, in ka ji bututun na motsi a mahaɗa to ta sha wuya. Ka buɗe ta ka leƙa ciki ta wajen haske, tsatsar da ta yi ramuka, ko kumburi, ko lotsawa, ko alamar walda, duk wanda ka gani a ciki ka bar masa abarsa ko nawa ya rage maka, don wannan tana iya fashewa a hannunka. Sannan ka karanta lambar da aka buga a ƙarƙashin bututun, 65 ne ko 70 ko 76, wato tsawon mazaunin kartush a milimita. Tsofaffin bindigogin Faransa da yawa 65 ne, kartush ɗin kasuwa kuma yawanci 70, zai shiga lafiya lau ya rufu, kuma nan haɗarin yake, don in ya tashi bakinsa ba ya samun wurin buɗewa sai matsi ya ƙaru. Mutane da yawa ba su san wannan ba wallahi.

'Yan Turkiyya ba duka ne na banza ba, mai baki ɗaya da ake karyawa za ta yi maka shekaru tunda ba kullum kake harbi ba. Wadda nake tsoro ita ce mai araha mai ɗura kanta, ƙura kaɗan ta fara cijewa, in allura ko sifirin ya karye kuma ka yi ta yawo daga Garwa har Ngaundere ba ka samu irinsa ba.

Takarda kuma, kar ka biya ko sefa ɗaya sai ka ga lambar jikin bindigar ta yi daidai da ta takardar dattijon. Dokar makamai ta Kamaru ta Disamba 2016 ba ta wasa, izininsa ba naka ba ne, sai ka nemi naka ta hannun hukuma, na farauta kuma daban yake, a wajen ma'aikatar daji ake karɓa.