Amsa: me ɗalibai ke yi a jami'o'in Turkiyya a watan Afrilu da Mayu?

Ɗan'uwa ka tambaya ko karatu ne kawai a zangon nan, wallahi a'a. Abin da suke kira bahar ba irin bazarar mu ta zafi ba ce, sanyi ne ke janyewa, kowa ya fito ya baje kan ciyawa da shayinsa. Yawancin jami'o'i na yin Bahar Şenliği, wato bikin bahar, wajen watan Mayu, na jami'ar ODTÜ a Ankara shi ya fi suna, kulob-kulob su kafa rumfuna, ga gasar wasanni ga kiɗa da dare a filin wasan jami'ar da ake kira Devrim, in kiɗan bai dame ka ba rumfunan sun ishe ka. 19 ga Mayu ma hutu ne, ranar matasa. Amma fa jarabawar ƙarshe na biyo baya nan da nan, kar ka shagala.