Yadda lauyan ƙaramin gari yake zama magajin gari kuma marubuci

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda mutum ɗaya yake haɗa ayyukan nan uku. Aikin lauyan ne tushe. Shari'ar gado da ta iyakar gona duk ta hannunsa suke bi, sai ya san asalin kowane gida, ya karanta tsofaffin takardun da kowa ya manta da su. Daga nan tarihin yankin da yake rubutawa yake fitowa, sau da yawa cikin karin harshen mutanen wurin, kuma wannan aiki ina girmama shi ƙwarai. Yardar da mutane suka yi masa ce take sa a zaɓe shi. In ya hau kujera, dole ya janye daga ƙarar da ta shafi majalisar garin, kuma sirrin wanda ya kare ba ya shiga littafi.