Yaya zan yi kabewata ta girma har ta ishi dangi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bolari cikin garin Gombe, ina da ɗan fili a bayan gida. Bara na shuka kabewa, ta yi yaɗo ta cika wurin, fure kamar me, amma da kaka ta yi 'yan ƙanana biyar na samu, babbar cikinsu ba ta wuce kan yaro ba. Na ga hotuna a Facebook na kabewar Turawa wadda sai da mota mai ƙugiya ake ɗaga ta. Ina zan samu irinta? Burina in noma wadda zan yanka in aika gidajen 'yan uwa da maƙwabta, kowa ya yi taushe.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Hotunan da ka gani ba haɗin kwamfuta ba ne. Irin sunansa Atlantic Giant, wani manomi Howard Dill ne ya fitar da shi a Nova Scotia ta ƙasar Kanada a shekarun 1970, kuma har yau gasa ake yi da shi. A 2021 Stefano Cutrupi na Italiya ya kai wadda ta yi kilo 1,226, a 2023 Travis Gienger na jihar Minnesota a Amurka ya kawo mai kilo 1,247. Kabewa guda ta fi buhun masara goma sha biyu nauyi ke nan.

Sai dai ni ba zan ba ka shawarar ka bi ta ba. Ta sikeli ce, ba ta tukunya ba. Namanta ruwa ne, salam, ba zaƙi ba kauri. In ka aika wa gwaggonka ita, miyar za ta tsinke, kai za a yi wa tsiya. Kuma an saba mata da ƙasashen da daminarsu ke da sanyin dare da doguwar rana, zafinmu yana wahalar da ita. Kabewarmu ta gida ta san ƙasar nan, kuma in ta samu kulawa tana iya girman da sai ka rungume ta da hannu biyu kana nishi. Ka zaga kasuwa da kaka, ka sayi mafi girma wadda ta ƙosa, mai jan ciki da kaurin nama, ka wanke 'ya'yanta ka shanya a inuwa. Ba dukansu za su gado uwar ba, don ƙudan zuma na gauraya iri, amma daga nan ake farawa.

Abin da ya same ka bara kuwa na san shi: ka bar gindi ɗaya yana shayar da 'ya'ya biyar. Abincin da ganye ke haɗawa ƙayyadadde ne, ko ya tafi baki biyar ko baki ɗaya. Masu gasar can ma 'ya ɗaya suke bari a gindi. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ka fara da rami, faɗi da zurfi kamar kamu ɗaya da rabi, makonni biyu kafin shuka. Ka zuba bokiti biyu na kashin shanu ko na awaki wanda ya ruɓe sosai, ka cuɗa da ƙasa, ka tayar da wurin ya yi ɗan tudu, saboda ruwan Agusta in ya kwanta a gindin kabewa saiwa ruɓewa take yi. Ɗanyen kashin kaji kada ka kusanto da shi, ƙonawa yake. In damina ta zauna, wajen watan Yuni, ka saka ƙwara uku. Bayan mako biyu zuwa uku ka bar mai ƙarfin, ka datse sauran. A fili irin na bayan gida gindi biyu sun isa, tsakaninsu mita 3 zuwa 4. Takin zamani NPK 15-15-15 cikin tafin hannu ɗaya, a zagaye nesa da gindi, ya wadatar a farko. Ka yi hankali da yuriya: in ta yi yawa ganye za ka noma, kore shar, 'ya'ya kuwa su riƙa zubewa.

Kada ka bar ta ta hau danga ko rufin ɗaki kamar yadda muka saba. A ƙasa za ta yi yaɗo, kuma duk gaɓar da ganye ya fito ka rufa mata ƙasa kaɗan. Kowace gaɓa saiwa za ta fitar, sai shukar ta koma tana sha ta wuri ashirin maimakon ɗaya. Wannan ɗan aikin da yawa ba sa yin sa, alhali kyauta ne.

Sai maganar fure, wanda ka ce ya yi yawa. Kabewa fure biyu gare ta. Namiji yana kan dogon siririn kara, shi ke fara fitowa, kuma ya fi yawa. Zubewarsa ba asara ba ce. Macen in ka leƙa ƙarƙashinta za ka ga ɗan ƙulli kamar goruba, shi ne kabewar. Furen da asuba yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, ba ya sake buɗewa. A cikin gari ƙudan zuma ba su da yawa, don haka ka yi musu aikin: da ka dawo daga sallar asuba gari ya waye, ka tsinko namiji, ka zare masa rawayen ganyen, ka goga tsinken da ke tsakiya, mai garin nan rawaya da ke manne wa yatsa, a cikin tsakiyar macen. Bayan kwana uku zuwa huɗu in ƙullin yana sheƙi yana ƙaruwa, ya kama. In ya yi rawaya ya yanƙwane, sai ka jira na gaba.

'Ya'yan da suka fito kusa da gindi ka cire su, shukar ba ta yi ƙarfin ɗaukarsu ba tukuna. Ka bar biyu ko uku daga wajen mita 3 a kan babban yaɗon, su kai girman ƙwallo, ka zaɓi mai saurin girma mai kyan siffa, ka sa wuƙa ga sauran. Na san hannu na nauyi a nan, har uwargida za ta ce ɓarna ce. Ba ɓarna ba ce, ɗanyun ma suna shiga miya. Daga nan duk macen furen da ya fito a tsinke.

Wadda ka zaɓa ka shimfiɗa mata yashi ko katako don kada laima ta ci cikinta, tun tana ƙarama kuma ka lulluɓe ta da tsohon zani ko buhu. Yana kare ta daga rana, wadda ke sa fata ta yi tauri da wuri girma ya tsaya, yana kuma kare ta daga ƙudan nan da ke huda ɗanyar kabewa ya sa ƙwai, ka wayi gari ta ruɓe da tsutsa. Jajayen ƙwarin da ke cin ganye tun shuka na ƙarama, tokar murhu da safe ko jiƙon ganyen dogon yaro na rage su. In ruwan sama ya ɗauke kwana huɗu ko biyar ka ba ta a gindi, kada ka jira ta galabaita; ƙishi sannan ruwa mai yawa lokaci ɗaya shi ke tsaga kabewa. Akuyar maƙwabta kuwa, wannan tsakaninka da danga ne.

Wata uku zuwa huɗu take ɗauka. Alamar ta ƙosa: mariƙinta ya bushe ya yi kamar itace, farce ba ya shiga fatar, in ka ƙwanƙwasa ka ji amo. Ka yanke da mariƙin, tsawon yatsa, kada ka ɗaga ta da shi, ka ajiye a inuwa mai iska. Haka za ta yi watanni. Amma da wuƙa ta shiga kwanakinta kaɗan ne, don haka ka shirya yaran aike tun kafin ka yanka. 'Ya'yan cikinta kuma kada a bari su tafi da rabon kowa, su ne irinka na baɗi.