Tambaya da Amsa: Fulsar Ƙarya a Cikin Kwamfuta

TAMBAYA: Malam, na karanta cewa masana suna kwaikwayon aikin madubin hangen nesa a kwamfuta, har su ƙirƙiri taurarin da babu su, su ce suna nazarin fulsa. Ni abin ya ɗaure mini kai. In har da kansu suka ƙirƙira, me za su koya? Wannan ba yaudarar kai ba ce? Daga wani ɗalibin kimiyya.

AMSA: Ɗan'uwa, tambayarka ta yi, kuma nima na taɓa yi wa abin irin wannan kallon.

Fulsa gawar babban tauraro ce da ya fashe. Abin da ya rage ya dunƙule, faɗinsa kamar kilomita 20 ne kawai, amma ya fi rana nauyi. Tana juyawa da gudu, haskenta na wulgawa ta kanmu a kowane juyi. Jocelyn Bell Burnell ce ta fara gano irinta a Kambirij ta Ingila a 1967, da igiyar rediyo. Wasunsu kuwa da hasken gama suke haskawa, wato nau'in haske mafi ƙarfi da ido ba ya gani, wanda iskar da ta lulluɓe duniya ba ta barinsa ya iso ƙasa. Dole a fita sama. Shi ya sa hukumar NASA ta Amurka ta harba madubin hangen nesa mai suna Fermi zuwa sararin samaniya ranar 11 ga Yuni, 2008.

Sunan "madubi" ma aro ne. Hasken gama ba ya dawowa daga madubi, ratsa shi yake yi. Babbar na'urar Fermi, wato LAT, hasumiyoyi 16 ne na fallayen ƙarfen tungistin da na silikon. Ƙwayar haske in ta bugi ƙarfen sai ta rikiɗe ta zama ilektron da kishiyarsa fozitron, silikon ya bi sawunsu, a lissafa daga ina ta fito. Na'urar ba ta ganin tauraro, sawu kawai take gani. Kuma ƙwayoyin da ba na gama ba, masu ɗauke da caji, sun ninka na gaskiya sau dubbai.

To, wa zai gaya maka ƙwaya nawa na'urar ta kama, nawa suka kuɓuce, nawa ta yi wa mummunar fahimta? Ba za ka ɗauko fulsa ka ajiye a ɗakin gwaji ba. Nan kwaikwayo ya shigo. Ana gina na'urar gaba ɗaya a cikin kwamfuta da manhajar Geant4 da ta fito daga cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, wato CERN, kowane falle da kaurinsa, a yi ta jefa mata ƙwayoyin haske miliyoyi waɗanda an san ƙarfinsu da inda suka fito. Tunda kai ka jefa, ka san amsar. Abin da na'urar ta ce sai ka gwada da abin da ka sani. Hanyar ana ce mata Monte Carlo, sunan garin cacar nan na Monako, don komai da ƙuri'a ake fitar da shi. Kuma ba a bar kwamfutar ta yi gaban kanta ba: a 2006 an kai wani sashe na na'urar CERN, aka harbe shi da ƙwayoyi na zahiri, aka ga inda lissafi ya dace da inda ya kauce.

Wurin da abin ya fi burge ni shi ne lokaci. Fulsar Vela, wadda ta fi kowace haske a sararin gama, tana juyi kusan sau 11 a daƙiƙa, amma sai ta yi juyi kamar dubu kafin Fermi ya kama ƙwaya ɗaya tak daga gare ta. Ita ce mai haske fa! Don haka ba wanda yake ganin ƙiftawar da ido. Ana tara lokutan isowar ƙwayoyi na watanni ko shekaru, a naɗe su kan tsawon juyi guda. In an dace da tsawon, su taru wuri ɗaya. In an kuskure ko da ƙiris ne, su watse. Kafin nan ma sai an cire tasirin zagayen da duniya ke yi wa rana, wanda ke sauya lokacin isowar ƙwayoyin, don haske yana cin kusan daƙiƙa 500 tsakaninmu da rana.

Na taɓa gwada wannan da ɗan lissafi a kwamfutata. Na ƙirƙiri fulsa, na yayyafa mata ƙwayoyin hayaniya, na nemo ta, na same ta, na ji daɗi. Sai na goge fulsar na bar hayaniya zalla, na sa kwamfutar ta gwada tsawon juyi iri-iri masu ɗimbin yawa. Ta sake "samo" mini fulsa. Ranar na gane amfanin abin: mai nema da yawa ba ya rasa abin da ya yi kama da abin da yake nema. Kwaikwayo ne ke nuna maka sau nawa hayaniya za ta yi maka wannan wasan, don ka san ƙarfin alamar da ta isa a yarda da ita.

Inda nake tare da kai shi ne, kwaikwayo bai fi abin da aka zuba masa ba. In ka yi zaton hasken daga kusa da jikin tauraron yake fitowa, fulsarka ta ƙarya haka za ta nuna. Da bayanan Fermi suka zo, sun karkata ne ga cewa daga can nesa da jikinsa yake fitowa, wasu tsofaffin zato suka sha ƙasa.

Kafin Fermi, fulsar gama da aka tabbatar ba su kai goma ba. A shekararsa ta farko ya gano wadda ke cikin CTA 1, ɓurɓushin wani tauraro da ya fashe, da hasken gama kaɗai, ba tare da rediyo ya fara nuna ta ba. Kundin da aka fitar a 2023 yana ɗauke da fulsar gama 294.