Asalin Ƙananan Jiragen Quicksilver

Tambaya: Malam, muna ganin jiragen koyon tuƙi na Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama suna shawagi a saman Zariya, sai wani ya ce mini akwai waɗanda ba su kai su nauyi ba, masu suna Quicksilver. Mene ne asalinsu? Mai karatu daga Samaru.

Amsa: Malam, maganar mutumin gaskiya ce. Dick Eipper ne ya kafa kamfanin da ya fara ƙera su a jihar Kalifoniya ta Amurka a farkon shekarun 1970, inda ya fara da ƙera fukafukai marasa inji, waɗanda mutum kan rataya a ƙarƙashinsu ya diro daga tudu, kafin daga baya a ɗora musu ƙaramin inji da kujera da tayoyi. Gangar jirgin bututun alminiyon ce da aka lulluɓe fukafukanta da yadi mai ƙarfi, matuƙin kuwa yana zaune a fili, iska tana dukan fuskarsa kamar mai babur.

Kasuwarsu ta buɗe sosai a zamanin da Amurka ta kafa dokar 1982, wadda ta yarda a tuƙa jirgi mai kujera ɗaya ba tare da lasisi ba, muddin nauyinsa, ban da matuƙi da mai, bai kai kilo 115 ba, mansa kuma bai wuce lita 19 ba. Dokar ta Amurka ce, ba ta aiki a Najeriya.