Me ya haɗa mai karɓar saƙon girma da kumburin sel?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a fannin kimiyyar halittu, an koya mana cewa in aka saka ƙwayar halitta wato sel cikin ruwan da gishirinsa bai kai na cikinta ba, ruwa zai yi ta shiga har ta kumbura. Wannan na gane. Sai kuma na ci karo da maganar wai EGFR, wanda ni a sanina aikinsa karɓar saƙon girma da rabuwa ne, yana da hannu wajen sa kumburin ya sace. Don Allah me ya haɗa su? Wallahi kaina ya ɗaure.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ai dole kai ya ɗaure, sunan ne ke yaudara. EGFR na nufin furotin mai karɓar saƙon EGF, wani sinadari da ke sa sel girma da rabuwa, an raɗa masa sunan ne saboda aikin da aka fara ganinsa da shi. Stanley Cohen ne ya gano sinadarin EGF a 1962 a cikin halittar da ke yi wa ɓera yawu, ya lura in aka yi wa jariran ɓeraye allurarsa sai idonsu ya buɗe da wuri haƙori ma ya fito kafin lokaci, har ya samu kyautar Nobel a 1986. Tun daga nan da an ce EGF sai a tuna girma.

Toh mu koma kan kumburin. Sel ɗin dabba ba ta da bango irin na tsiro, tantani ne kawai siriri, shi ya sa jar ƙwayar jini ke fashewa in aka zuba ta a tsurar ruwa, kuma shi ya sa ruwan da ake ƙara wa mara lafiya yake da gishiri kashi 0.9 cikin ɗari. Yawancin sel dai ba sa zama su jira fashewa. Da ta kumbura, cikin 'yan mintuna sai ta buɗe wasu ƙofofi a jikin tantaninta ta fara zubar da fotashiyam da kuloraid da wani sinadari da ake kira tawurin, kuma duk inda waɗannan suka bi ruwa binsu yake, sai ta sace ta koma kusan yadda take. Babbar ƙofar da kuloraid da tawurin ke bi ita ce VRAC, an daɗe ana ganin aikinta ba a san da me aka gina ta ba sai a 2014 da tawagar Thomas Jentsch a Jamus da ta Ardem Patapoutian a Amurka, kowa da nasa binciken, suka gano furotin ɗin LRRC8A ne ƙashin bayanta.

Shi EGFR ba ƙofa ba ne, ko ɗigon ruwa ba ya bi ta cikinsa. Kamar eriya yake, kansa a waje ƙafarsa a cikin sel, in ya farka sai ya riƙa manna fosfet a jikinsa da jikin wasu furotin, su kuma su miƙa saƙon gaba ta hanyoyi irin su PI3K da ERK. Abin da ya fi burge ni, kumburin shi kaɗai yana iya tada shi ko ba a kawo EGF ba, wato babu ɗan aike amma saƙo ya iso. A wasu sel, kamar na hanta, furotin ɗin integirin masu riƙe sel da abin da take zaune a kai su ne ke fara jin an ja su, sai su taɓa wani furotin mai suna Src, shi kuma ya taɓa EGFR.

Ta yaya aka san yana da hannu? Gwaji mai sauƙi ne, a kumbura sel a auna abin da ke fita, sannan a sake amma a zuba maganin da ke toshe EGFR irin su AG1478, sai a ga fitar tawurin ko kuloraid ta ragu, in kuma aka ƙara EGF kafin kumburin sai fitar ta ƙaru. An ga haka a sel ɗin ɓera, an kuma ga makamancinsa a na tsokar zuciya. Ki lura da kalmar, raguwa na ce, ba tsayawa cak ba, kuma ba kowace irin sel ke nuna hakan ba. Don haka ni in kika tambaye ni, mai ƙara wa saƙon ƙarfi zan kira shi, ba mai riƙe da mabuɗi ba, kuma kar ki yarda ki rubuta a jarrabawa cewa EGFR ne ke buɗe VRAC kai tsaye.

Akwai wani amfanin da ake yawan mantawa. Kumburi wahala ce, sel da ta sha wuya tana iya kama hanyar kashe kanta, shi kuwa PI3K yana tada Akt wanda aikinsa hana wannan mutuwar ne, sai ya zama ana rage ruwa ana kuma lallaɓa ta ta rayu har ta gama sacewa.